Ka Ajiye Sungumi, Ka Tafi Koyon Na'ura

Tasawa, gab da faɗuwar damina

Zuwa ga na Inna,

Assalamu alaikum. Inna ta yarda ka tafi. Ta faɗa mini da bakinta ranar Juma'ar da na zo Kona, a gindin itacen bedin ƙofar gida, lokacin da ka kora jaki zuwa rijiya. Dije na zaune a wurin, in ka tambaye ta za ta shaida.

Bayan wannan, ina gaishe ka, da fatan takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Inna da mutanen unguwa. Allah ya tsare ka a zaune da a tafe, ya kiyaye maka ido da hankali, ya ba mu damina mai albarka bayan wadda ta wuce ta bar mu da rumbu rabi.

Ka san abin da ya sa na ɗauki alƙalami maimakon in kira ka a waya. Kai ne ɗan fari. Tun ranar da aka yaye ka, Inna ta goya ka ta tafi da kai Kona, ban taɓa kiran sunanka ba. Kai ma ka tashi kana ce mini Yaya, saboda haka ka ji ƙanwata Dije na faɗi. Tun da ka shiga lise, babbar sakandare, ka dawo shagon ƙofar gidana da zama, maganarmu ba ta wuce ina kwana da sannu da dawowa ba. In da saƙo, Dije ce ke kai shi, ita ke kawo amsa. A aikin rediyo na tsaya gaban farfe, mai mulkin jiha, na yi mishi tambaya, na tsaya gaban masu kaki da makirofo a hannu, muryata ba ta yi rawa ba. Amma in tsaya gabanka in ce me kake so, wannan ban iya ba. A takarda ina iyawa, don ba ta ɗaga ido ta dube ni.

Ga maganar. Dije ta ce wurare uku ne za su koya wa 'yan lise ordinater, wato kwamfuta, a wannan dogon hutun, ɗaya a nan Tasawa, ɗaya a Mayahi, ɗaya a Maraɗi. Ta ce abin da kake nema shi ne rubuta wa na'ura umarni har ta zama manhaja mai aiki, kuma ka zaɓi na Tasawa, ka ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, na je na ga ukun da idona, kuma ina jin kai ma ka sani. Abin da ya bambanta na Tasawa a wurinka shi ne, in an yi ruwa yau, gobe da safe kabu-kabu zai sauke ka a bakin gamanar Inna, 'yar gonar tata. Tun rasuwar kakanka kai ke gaba da sungumi kana sara, ita tana biye da ƙwaryar iri tana zubawa tana rufewa da diddige. Ka duba ka ga in ka yi nisa babu mai shiga gabanta, sai ka ce duk ɗaya ne.

Bari in ba ka labarin wani hutu nawa.

Ina ajin ƙarshe na kolej shekarar da fari ya cinye gonakin Kona. Lokacin ma soja ke mulki, sufurfe, mai mulkin gunduma, cikin kaki yake shigowa ƙauye, yara na bin motarsa da gudu. Da aka ba da hutu, wata gwaggon Baba da ke aure a Maraɗi ta aiko mini cewa in zo in koyi daktilo, buga rubutu a kan injin nan mai ƙara da ba ka taɓa gani ba sai a hoto. Na so zuwa har ina mafarkin abin ido biyu. Ina daka, sai in ga yatsuna suna gudu a kan baƙaƙe, farar takarda na fitowa a hankali tana cika da layuka, ƙararrawar injin na kaɗawa a ƙarshen kowane layi. Amma na dubi Baba, kakanka, Allah ya jiƙansa, na ga ya rame. Ni ce babba, kawunka Sani bai isa riƙe hauya ba. Sai na ce wa ɗan aiken ya gaya mata ba ni da sha'awa. Ba wanda ya ce in zauna. Ban tambayi kowa ba.

Ruwan shuka ya zo, muka shuka, hatsi ya tsiro ya kai idon sawu. Daga nan sama ta yi fari fat kamar an wanke ta. Da la'asar hadari kan taso daga gabas, ya yi baƙi, mata su kwashe shanya suna murna, sai iska ta zo ta watsa shi. Na nome gonar da ko ciyawa ba ta fito da kirki ba. Da abin nomewa ya ƙare, sai in je in zauna gindin aduwa ina kallon ganyen hatsi yana naɗewa, ƙasa na walƙiya daga nesa kamar tafki, har in fara ganin jirage a kai. A ƙarshe jar dawar taimako muka ci, wadda aka riƙa aunawa a ƙofar mai gari. Zamana a Kona bai ƙara mana ko zangarniya ɗaya ba.

Sai bayan na yi aure gwaggon nan ta zo gaisuwa, cikin hira ta ambaci aiken da ta yi. Baba ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Ashe an kira ki? Da kin faɗa mini, da ni zan kai ki tasha. A shekarar nan, baki ɗaya ya ragu a gida ai taimako ne."

Bai faɗa da faɗa ba, ya ci gaba da jan carbinsa. Ni kuwa na daɗe ina juya maganar. Na yanke wa mahaifina shawara a cikin zuciyata, na hana kaina abu dominsa, shi ko bai san an yi ba. Na ɗauka ladabi ne. Kada ka yi wa manya haka. In kana jin akwai nauyinsu a kanka, ka je ka durƙusa ka tambaya, ko ka aika wanda zai tambayar maka. Sau da yawa abin da kake tsammanin suna so ba shi ne suke so ba, kuma ba za su gode maka a kan kyautar da ba su san ka ba su ba.

Shi ya sa wannan karon na je na tambaya. Na iske Inna tana zaɓen iri a faifai, na ce mata yaron nan saboda gonarta yake so ya zauna kusa. Ta yi dariya har ta ajiye faifan.

"Wa ya ce ina riƙe da shi? Mijin nan nawa, in ya ɗan sara sai ya tsaya ya zaro waya. Bara na biyo shi da iri, na ga layi ya baude ya nufi gonar Malam Idi, shi yana gaba yana magana da kansa. Ki kai shi inda tunanin zai yi amfani, ni in huta da shuka wa maƙwabta."

Dije ta ce mata ai kishi take yi da wayar. Inna ta ce in kishi ne da tuni ta jefa ta rijiya. Daga nan ta ci gaba da tsince tsakuwa. Can ta ce ba ta san wanda zai riƙa cin ƙanzo ba in ka tafi. Sai ta ɗago.

"Ya tafi. Amma ya zo ya yi mini sallama da rana tsaka, ido da ido. Kada ya sulale da asuba kamar wanda ya saci akuya."

Wannan ke nan game da gona. Saura zaɓen wuri, a nan ma ina da abin faɗi, don na taɓa zaɓa na yi kuskure.

Bayan na gama makarantar koyon aikin jarida a Yamai na kama aiki, ordinater ta fara shigowa biro-biro, wato ofisoshi. Aka ce ma'aikata su je su koya, aka ba mu wuri biyu mu zaɓa. Ɗaya wani ƙaramin ɗaki ne a bayan kasuwa, ɗayan kuwa babban zaure mai suna, wanda aka ce za a buɗe da biki. Na zaɓi mai suna. Soja sun sake dawowa mulki a lokacin, wani hafsa ya zo ya yanke ƙyalle, aka yi jawabi, aka sha lemo, aka ɗauke mu hoto a bayan na'urorin. Washegari muka iske an lulluɓe su da farin yadi kamar amare, wai kada ƙura ta shiga. Mushe, wato malamin da ke koya mana, ya zana allon baƙaƙe a tablo da alli, mu kuma muka kwafe a kaye, littafin rubutunmu. In wuta ta zo, shi ke yaye yadin ya zauna ya danna, mu muna tsaye a bayansa muna leƙe. Da muka gama aka ba mu atestasiyo, takardar shaida mai hatimi da ado a gefe, tana nan cikin akwatina ba ta ko yi datti ba. Ranar da na koma biro, shugabanmu ya nuna mini kujera ya ce in buga labaran rana. Na zauna gaban na'urar ina neman inda ake tashinta, ban samu ba.

Daga wannan na koyi tambayoyin da ya kamata in yi tun farko, su na ɗauka na zagaya da su. Hannun ɗalibi ne a kan na'ura ko hannun malami? In wuta ta ɗauke, me ake yi? A nuna mini abin da ɗalibin bara ya ƙera da kansa. Ka riƙe su, ko ba a wannan hutun ba za su yi maka aiki.

Na Tasawa, mai wurin mutumin kirki ne, ya ba ni kujera ya aika a kawo mini ruwa. Buga rubutu yake koyarwa, da shirya takardun neman aiki da katin gayyatar biki. Da na tambaye shi abin da ya sa ya rubuta programmation, wato rubuta manhaja, a allon ƙofarsa, ya ce kalmar ce iyaye ke tambaya yanzu, kuma yana da niyyar ya koya. Na ce ya nuna mini aikin ɗalibi, ya nuna mini shafi mai tsabta, babu kuskure ko ɗaya. Sana'a ce mai amfani, amma ka riga ka iya ta.

Na Maraɗi babba ne. Zaure mai fanka, na'urori sababbi a jere, an ce kowane ɗalibi za a ba shi riga iri ɗaya. A cikin malamansu akwai wanda rubuta manhaja ce sana'arsa ta gaske, na yi hira da shi, ya san abin da yake faɗi. Intanet ɗinsu ta fi ta ko'ina ƙarfi, kuma za ka haɗu da yara daga duk jihar. Amma ɗaliban da suka ɗauka sun ninka na'urorin. Da na tambayi direktan batun wuta, ka san yadda take a wannan zamanin, ya ce suna da gurup, injin ba da wuta. Na ce gazuwal ɗin da injin zai sha fa? Ya ce ana kan magana. Na samu wata mata da 'yarta ta yi bara, ta ce yarinyar ta koyi abu sosai, amma don tana da kutse ne, in an buɗe ƙofa ita ke fara cafke kujera. Kai ba ka da kutse. Ka kan tsaya baya ka bar kowa ya wuce. A wurina ka gado, ba na zarginka.

Mayahi na je ranar kasuwa, a bayan wata mota da ta cika da masu tabarmi. Hanyar ta sa ni gyangyaɗi. Rairayi ja, gonaki a share suna jira, gawo ya fara zubar da ganye kamar yadda yake yi in damina ta kusa, sai muka gangara cikin gulbi inda goriba ke tsaye da rassanta biyu-biyu. Gulbin nan tun ina yarinya ban ga ruwa na gudu a cikinsa ba, amma tsakanin barci da farke na ga ya cika, kana tsaye a wancan ƙetare da babbar riga, ka girma, kana nuna wa wasu mutane abu a tafin hannunka, su kuma suna gyaɗa kai. Na so in ji me kake ce musu, sai mota ta faɗa rami na farka.

Wurin aji ne na lakwal, makarantar firamare, da aka ba su aro. Wasu matasa biyu da suka dawo daga jami'a ke riƙe da shi, mace da namiji, yara na kiran macen Madam. Sun ɗora faranti masu ɗaukar hasken rana a kan rufi. Na'urorin tsofaffi ne, ba su da yawa, amma ba su ɗauki ɗalibai fiye da biyu a kowace na'ura ba, ɗaya na bugawa ɗaya na duba mishi, sai su sauya. Sun riga sun fara da 'yan gari da yamma kafin baƙi su iso, don haka na ga darasi da idona. Na tambayi Madam ranar da hadari ya rufe rana fa. Ta ce sai su fita tsakar lakwal, ɗalibi ɗaya ya zama na'ura, sauran su ba shi umarni, kuma ba shi da izinin yin abin da ba a ce mishi ba. Ta ce makon da ya wuce sun manta su ce wa na'urar ta tsaya, ta je ta rungumi randa.

Kada ka ɗauka babu aibi. Intanet ɗinsu tana zuwa tana tafiya. Na ga na'ura ɗaya ta ƙi tashi sai da aka jijjiga mata waya. Takardar da za su ba ka a ƙarshe, ban san ofishin da zai dube ta da daraja ba. Kuma su biyun ba su kai malamin Maraɗi gogewa ba, da kansu suka faɗa.

Amma na ga wani abu a ajin da ya taɓa wani tsohon ciwo nawa. Wata yarinya, 'yar gidan makiyaya ce daga arewacin gari, ta rubuta umarnin da zai tsara layin shayar da dabbobi a rijiya, wa zai fara, wa zai biyo. Da ta tashe shi, sai na'urar ta kama rubuta suna ɗaya tana maimaitawa, allo ya cika ya ci gaba da gudu. Ta ɗora hannu a ka.

"Madam, raƙuman babana kawai take shayarwa, ta hana kowa."

Wani daga baya ya ce ai na'urar ma ta san 'yan gida. Aji ya kwashe da dariya, har da ita. Ta kai hannu za ta goge, Madam ta ce, "Bar shi. Ku matso ku gani, wannan kuskuren kowa sai ya yi shi." Suka taru a kanta, kawuna a haɗe, suna gardama da Hausa da Faransanci, har wata ta gano inda aka manta a ce a wuce zuwa na gaba.

Ni da na kasa tashin na'ura a biro, ban tambayi kowa ba. Na ce kaina na ciwo, na rubuta labaran da hannu. Bayan nan sai in jira ranar Juma'a, maza su tafi masallaci, in rufe ƙofa in zauna ina lalube ni kaɗai. In na ɓata abu, in kashe na'urar da sauri in koma kujerata kamar ban taɓa ta ba. Abin da na kusa da ni zai nuna mini kafin shayinsa ya huce, ni sai da na shafe watanni ina nema. Ina tsoron a ce mai atestasiyo ba ta iya ba. To ka zaɓi wurin da ake kuskure a gaban jama'a a yi dariya a gyara. In ka je, ka zama mai ɗaga hannu. In Faransancin tambayar ya ƙi zuwa, ka yi ta da Hausa. Wannan aikin, yadda na fahimce shi daga karance-karancena da abin da na gani, mafi yawansa neman inda ka ɓata ne, don haka mai ɓoye ɓarnarsa ba ya nisa a cikinsa.

Saura labari ɗaya, shi ne ya fi kusa. Bara da rani, da la'asar, na fito da tire zan shiga kicin, na hange ka a tsugune a tsakar gida. Ka share ƙasa, kana zana akwatuna da tsinke kana haɗa su da kibiyoyi, wayarka mai fasasshen gilashi na gefe. Ka zana, ka goge da tafin hannu, ka sake. Rana ta karkata, inuwar katanga ta zo ta rufe rabin zanen, kai ba ka ma sani ba. Na tsaya bayan labule ina kallonka har hannuna ya gaji da tiren. Tambayar na bakina. Sai na wuce. Na sa Dije ta tambaye ka, ta dawo ta ce ka ce wasa ne. Sai da aka kusa hutu malaminku na lissafi ya tare ni a hanya ya gaya mini abin da kake nema: ka sa waya ta riƙa tuna wa Inna shan maganinta na hawan jini, da Hausa, da muryarka, tunda ba ta karatu.

Tun ranar nakan zauna in ga abin. Inna na gindin bedi tana kaɗi, waya ta yi magana daga cikin ƙwarya, ta ce tsohuwa lokaci ya yi, ita kuma ta harare ta ta ce ji mini ɗan banza, ko ba ya nan sai ya dame ni. Daga nan sai tunanin ya tafi da ni, in ga tsofaffin Kona da na Urafane, inda kawunka Sani ke zaune, kowa da muryar jikansa a aljihu. Ban san ko abin zai yiwu yadda nake ganinsa ba, kai za ka sani. Da na tambaye ka a ranar, da na fara neman maka malami tun bara.

Ban ce al'adar ta yi laifi ba. Ita ta ba ka Inna, ita ta ba Inna kai, kuma ban ga abin da zan ba ka da ya kai wannan ba. Zan ci gaba da kawar da kai in ka shigo, kai ma ka ci gaba da ce mini Yaya. Amma kunya ba ta hana ni rubutu ba, ni ce ban yi tunanin yi ba sai yau. In kana da abin faɗa mini, ka rubuta ka ba Dije. Ta yi alkawarin ba za ta buɗe ba, ko da yake ka san Dije.

Ba zan zaɓar maka ba. Zuciyata ta karkata Mayahi, amma ka san akwai son kai a ciki. Hajiya Rabi da muka yi aikin rediyo tare tana can, a gidanta za ka sauka, kuma zan riƙa jin ko ka ci abinci ba tare da na tambaya ba. Ka cire wannan daga awonka. In Maraɗi ka ga ta fi, baffanka na can, babanka ya riga ya yi mishi magana, sai dai ka koyi isa ƙofa da wuri. In kuma bayan duk wannan ka ce Tasawa kake so don kanka, shagonka na nan a share. Abin da ban yarda ba shi ne ka zaɓa saboda gona.

Zamanin kaki ne, na rayu a cikinsa fiye da sau ɗaya, ga abin da na sani. Katinka na makaranta ya kasance a aljihun gaba. In an tsaya a shinge ka cire abin kunne, ka yi gaisuwa, ka amsa abin da aka tambaye ka kaɗai. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoto a inda suke. A mota za a yi hirar mulki, ka saurara, za ka ƙaru, amma ba dole ka sa baki ba. Abin da aka turo maka a waya wanda ba ka san tushensa ba, ya tsaya a wurinka. Ka riƙe salla a kan lokaci, na'ura na cinye wuni mutum bai sani ba. In idonka ya fara yaji ka fita ka dubi nesa. A gidan da ka sauka ka ɗebo ruwa ba sai an ce ba.

Gonar kuma an gama da ita. Kawunka Sani ya ce ranar da aka yi ruwan shuka a Kona zai taso daga Urafane a kan motonsa ya shiga gaban Inna da sungumi, tunda ruwan garuruwan biyu bai cika zuwa rana ɗaya ba. Ya ce in gaya maka layinsa ba ya shiga gonar maƙwabta. Noman farko da maimai kuwa gayya za a yi, na yi magana da sarkin samarin unguwa, fura da tuwo a kaina.

Duk da haka ina da tsoro ɗaya, gara in faɗe shi. Wuraren biyu na nesa za su buɗe a farkon mako mai zuwa, kuma ba sa jiran wanda ya makara. In ruwa ya riga tafiyarka, za ka tashi da safe ka ji ƙamshin ƙasa, ka ji gari ya cika da hayaniya, ka ga Inna ta fito da ƙwaryar iri tana ɗaura ɗankwali. Hannunka zai kai kan sungumi kafin ka yi tunani. Za ka ce bari a gama shuka. In an gama za ka ce bari a ga tsiro, daga nan ciyawa ta taso. Na san hanyar nan, na bi ta. Ranar da aka fita roƙon ruwa a nan Tasawa, muna daga bayan sahu, liman na addu'a kowa na amin, na ji zuciyata ta ƙara da cewa, amma bayan yaron nan ya tafi. A shekara irin wannan, da mutane suka ci irin shukarsu saboda yunwa. Na nemi gafara a wurin, ina kuma nema har yanzu. Ruwa ya zo lokacin da Mai shi ya so, muna murna. Kai dai ko hadari ya haɗe gabas, ko ƙasa ta jiƙe har gwiwar hannu, ka je ka durƙusa gaban Inna da rana tsaka, ka karɓi addu'arta, ka ɗauki jakarka.

Allah ya kai ka lafiya, ya saukar da kai a hannun mutanen kirki. Ya buɗe maka abin da ka je nema, ya sa ya amfane ka ya amfani mutane. Ya tsare ka daga sharrin hanya da na baki da na abokin banza, ya dawo mana da kai ka iske hatsi ya fi ka tsawo. Babanka na sa maka albarka. Ƙannenka na gaishe ka, ƙaramar ta ce a bar mata shagon kafin ka dawo, na ce a'a.

Wassalam.

Wadda kake kira Yaya

Ina naɗe takardar nan zan ba Dije, wani mai kabu-kabu ya sauke maƙwabciyarmu, tayoyinsa duk laka. Ya ce an yi ruwa ta kudu da hantsi, yana jin ya kai Kona, amma shi bai shiga garin ba. Wayar Inna ba ta shiga. Na kira Sani, ya ce yana neman isansi, man moto. Ko ruwan ya isa shuka, ba a tabbatar ba tukuna.